Motar da ba ta san 'yar'uwarta ba

A watan Agustan 2024, mazauna wata unguwa a San Francisco ta Amurka sun yi ta kwana ba barci. Motocin Waymo masu tuƙa kansu, da aka tara a wani filin ajiye motoci, su ne ke danna wa juna hon wajen ƙarfe huɗu na asuba. Kowace ta ga wata na ja da baya kusa da ita, sai ta fara ƙara. Kamfanin ya gyara manhajar, aka wuce wurin. Ni kam abin bai wuce mini ba.

Kamfanoni sun daɗe suna cika mana kunne cewa a ƙara kyamara, a ƙara na'urar auna nisa, kowace mota ta fi direba gani, shi ke nan an gama. Wannan ƙarya ce da ake sayarwa da tsada. Hanya zaman tare ce. Duk wanda ya taɓa tuƙi ya san yadda ake rabuwa lafiya a mararraba idan danja ta mutu: wani ya kunna maka fitila sau biyu, wani ya ɗaga hannu, ka san yau naka ne ka wuce ko ka haƙura. Motar da ta iya lissafin mita amma ba ta iya karanta niyyar ta gabanta ba, makauniya ce ko da kyamara talatin a jikinta.

A 2022 motocin kamfanin Cruise, su ma masu tuƙa kansu, suka taru a titi guda a San Francisco, suka toshe shi na sa'o'i, sai da ma'aikata suka zo suka janye su. Kamfani ɗaya, manhaja ɗaya, amma ba wadda ta san ta ba wata hanya.

Masu bincike na jami'ar MIT sun nuna a 2019 cewa idan mota ta koyi bambance direba mai son kai da mai sassauci, hasashenta kan inda zai nufa yana inganta da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ke nan an san inda gizo ke saƙar. Masu cewa lokaci zai gyara komai ba su da amsa ga wanda ke jiran motar asibiti a bayan layin da ya tsaya cak.

Ya kamata hukumar da ke ba da lasisi ta daina gwada mota ita kaɗai a fili. A haɗa ta da motocin wasu kamfanoni, da direbobi, da masu tafiya a ƙafa, a ga wa za ta ba hanya kafin a sake ta a titi.