Wa ya fi buƙatar MPC, ɗan Manchester ko ɗan Bauchi?

A nan Manchester wani yayi ya kama masu haɗa kiɗa: a ture kwamfuta gefe, a koma wa na'urori. Mutum zai sayi samfula guda irin su MPC, na'urar nan da ke naɗar sauti ta yayyanka shi, wadda kuma ke da sikwensa a cikinta mai jera bugu a kan lokaci. Sai ya girke ta a tsakiyar tebur, sauran kaya su kewaye ta, wayoyin MIDI suna kai musu umarni. In ka tambaye su dalili, amsar kusan ɗaya ce. Sun wuni suna zura wa allon kwamfuta ido a wurin aiki, ba sa son su dawo gida su sake. So suke su taɓa abu da yatsa. Ban raina dalilin ba, amma dalili ne na wanda ba a taɓa ɗauke masa wuta yana tsakar aiki ba. A ganina yaron da ke haɗa kiɗa a ɗan shago a Gwallameji ko bayan kasuwar Wunti a Bauchi ya fi su buƙatar wannan na'ura, sai dai ba don abin da su suke sayenta ba, kuma ba bisa tsarin da suke yi mata ba.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Akai na Japan ya fitar da MPC60 a 1988, tare da Ba'amurke Roger Linn wanda ya tsara ta: maɓallan roba goma sha shida da ake bugawa da yatsu, da ƙwaƙwalwar da ba ta ɗaukar sautin da ya wuce daƙiƙa 13 da 'yan kai. SP-1200 ta kamfanin E-mu da ta riga ta fitowa a 1987 daƙiƙa goma kacal take ɗauka. Da wannan ɗan abin baƙar fatar Amurka suka gina kiɗan hip-hop na wancan zamani, suna tsakuro guntayen tsofaffin fayafayan iyayensu. MPC3000 da marigayi J Dilla, shahararren mai haɗa kiɗan hip-hop, ya yi aiki da ita tana ajiye yanzu a gidan tarihin Smithsonian a Washington. Na zamani irin su MPC One da MPC Live II na 2020, da SP-404MKII ta Roland ta 2021, da Digitakt ta kamfanin Elektron na Siwidin, duk jikokin waccan ne, kuma kowacce tana aiki ita kaɗai ba tare da kwamfuta ba.

Abin da Turawan nan ba su sani ba, mu mun riga mun bi ta wannan hanya. Kiɗan finafinan Hausa a kan fiyano ya tashi, wato Yamaha PSR, tun shekarun 1990. Makaɗin fiyano zai zaɓi salon bugu, ya ɗora sarewa, ya ɗora goge, ya adana, babu linzamin kwamfuta ko ɗaya a ɗakin. Sai daga baya manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio da Cubase suka shigo, kowa ya koma laftof. Don haka in aka ce wa tsohon ma'aikacin situdiyo a Bauchi ko Gombe wai sabon abu ya fito, kiɗa babu kwamfuta, dariya zai yi.

Amma fiyano ya bar mana wani ciwo da laftof bai warkar ba. Sautukan da ke cikinsa ba don mu aka naɗe su ba. Babu kalangu, babu kotso, babu algaita. Sai makaɗi ya laluba har ya sami abin da ya ɗan yi kama, ya ce ai wannan zai yi. Kunnenmu ya saba, har yara suka taso suna zaton haka gangar Hausa take amo. Da laftof ya zo, sai aka riƙa yawo da fulashi ɗaya daga situdiyo zuwa situdiyo, tarin sautuka ɗaya, ganga ɗaya, tafi ɗaya. Shi ya sa za ka ji waƙar biki daga Azare, ta siyasa daga Gombe, ta talla daga Bauchi, in ka cire muryar ba za ka bambance su ba. Miya ce ta dunƙule zalla, ba daddawa.

A nan ne samfula take da aikin yi a wurinmu. Bature sai ya shiga shagon tsofaffin fayafayai, ko ya biya kuɗi a intanet, kafin ya sami abin da zai zuba mata. Ɗan Bauchi kuwa tsallaka titi kawai zai yi. Akwai makaɗan mahauta da kalangunsu. Akwai masu mandiri a wurin bege. Akwai mata masu kiɗan ƙwarya da shantu a gidan biki, ga masu gurmi da garaya, ga algaita da kakaki da tambura ranar hawan Sallah. In ya gangara Dass ko Tafawa Ɓalewa ya tarar da gangunan Jarawa da Sayawa, in ya miƙa Ɓilliri da Kaltungo ga na Tangale. Wannan duk a cikin tafiyar yini guda.

Sai dai akwai yadda ake yi, kuma a nan mutane da yawa za su zame. Wani abokina a nan ya taɓa kunna mini kiɗan da ya haɗa da tarin sautukan da ya saya, an rubuta musu gangar Afirka kurum, ba ƙasa ba ƙabila. An naɗi bugu ɗai-ɗai, ya jera su a gidaje goma sha shida na sikwensa. Kowane bugu yana faɗawa daidai inda aka ajiye shi, amma gangar ba ta ce komai ba. Dole ta yi shiru, domin kalangu ba a bugun kaɗai yake ba. Yana a hammatar makaɗi. Ya matse tsarkiya, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya sake ta sauko, wani lokaci ma bayan ya riga ya buga, sai amon ya lanƙwasa a tsakiyar hanya. Wannan lanƙwasar ita ke bin hawa da saukar harshenmu har mai sauraro ya ji kirari a ciki. In ka naɗi bugu ɗaya ka riƙa ɗaga shi da maɓalli, ka kashe ta. Abin yi shi ne ka bar makaɗi ya kaɗa zance cikakke, ka naɗa, sannan ka yanka a gaɓoɓin da shi kansa yake numfasawa, kowace gaɓa a kan maɓalli guda. Kurkutu da ke riƙe gindin kiɗan kuwa a naɗe shi daban, don shi ya fi jure yanka.

Sai maganar lokaci. Waɗannan na'urori da ƙidaya huɗu-huɗu suke zuwa daga kamfani, alhali kiɗanmu da yawa a kan uku-uku yake tafiya, shida ko goma sha biyu. A MPC ana iya sauya ƙidayar zuwa 6/8 ko 12/8, a Digitakt kuma a rage tsawon layi daga gida 16 zuwa 12 ko a kai shi 24. Sannan a kashe abin nan da ke jawo kowane bugu ya dawo kan layi. Abin da ya fito da J Dilla ke nan, ya bar yatsunsa su ɗan riga ko su ɗan makara. Makaɗanmu haka suke yi tun kaka da kakanni, ba su jira wani ya ba abin suna ba.

Maganar wuta ba sai na tsawaita ba. A Afrilun 2024 aka lalata turakun layin wutar Jos zuwa Gombe, yankin ya shiga duhu, a Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta kwana fiye da mako babu wuta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tayar da janareta don a haɗa waƙa ɗaya ya zama lissafi. SP-404MKII da batir ɗin rediyo guda shida take tashi, ko da fawa bank ta USB-C. MPC Live II tana da batir a jikinta har da sifika. MPC One ba ta da batir, wannan a sani kafin a saya. Kuma ko wacce ce, kada a jona ta kai tsaye da bango. A bi ta inbata ko sitabilaiza, don wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta fi rashin wutar ɓarna. Sauƙin da aka samu shi ne soket ɗinmu da na Ingila iri ɗaya ne, ƙarfin wutar ma haka.

Inda na rabu da mutanen nan shi ne tarin kaya. Bature zai fara da samfula, bayan shekara ka tarar da ɗakinsa ya cika da na'urori shida, wayoyi sun sarƙe, waƙa ɗaya bai gama ba. Shi ba komai, nishaɗi yake yi da rarar albashi. A gida kuwa situdiyo sana'a ce. Uwar amarya tana zaune tana jiran waƙar kamu, ɗan siyasa ya aiko yaronsa, makarantar Islamiyya tana da walimar sauka ranar Asabar. Ga tsada: MPC One dala 699 ta fito, a canjin da ya haura naira 1,500 a 2024 ta wuce miliyan ɗaya ke nan tun kafin kuɗin kawowa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin maɓallai har su daina jin yatsa, ga zafin bazara mai kumbura batir. Masu gyaran waya a Wunti suna da hannu, za su liƙa abin da ya ɓalle, amma in allo ya mutu sai an yi odar wani daga waje. Saboda haka guda ɗaya ta isa, ta hannu ma in an samu mai lafiya, da makirufo mai kyau, da ɗan mikisa tunda MPC One ba ta da mashigar makirufon situdiyo, da mayafin rufewa.

Da na yi wa wani ƙanena wannan bayani ta waya, ya bari na gama tsaf, sai ya ce, "Yaya, duk na ji. Muryar fa?" Gaskiyarsa. Waƙar Hausa murya ce a gaba, kiɗa a baya. Baiti ashirin, 'yan amshi, gyaran murya da kunnen mutane ya riga ya saba da shi, duk wannan a ƙaramin allon MPC wahala ce da ɓata lokaci, ko da yake tana iya naɗar murya. Laftof ya zauna a wurinsa ya yi aikin murya. A haɗa kiɗa a na'ura, ko da wuta ko babu, a kwashe a katin memori, a kai wa kwamfuta. Masu cewa sai an kori kwamfuta gaba ɗaya kafin kiɗa ya zama na gaske, su ba mai biki a bakin ƙofarsu.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Yaran situdiyo da yawa suna ganin kansu 'yan zamani, makaɗan gargajiya kuma maroƙa, sai su ji nauyin zuwa gidan makaɗi su durƙusa su gaishe shi. Masu zuwa kuma wasu da wayo suke zuwa: a tsaya a gefen taro a kunna waya a ɓoye, ko a sauko da tsohon faifan Shata ko Ɗan Maraya Jos a yanki kalangu da kuntigi kamar ba su da magada. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta yarda da wannan ba, kuma a Amurka irin wannan yanke-yanke ya sha kai mutane kotu. Ga shi naɗar samfula ba kamar gayyatar biki ba ce. A biki makaɗi ya kaɗa, a yi masa liƙi, gobe a sake kiransa. In ka naɗe hannunsa kuwa, za ka yi waƙa ɗari da shi ba ka sake nemansa ba. Don haka kuɗin zama ɗaya bai biya shi ba.

A je masa gida da rana tsaka, da goro, a ce, "Baba, ga abin da ya kawo ni," a kunna masa ya ji yadda za a yi da kiɗansa. A yi 'yar takarda a gaban shaidu: nawa ne na naɗa, nawa ne nasa a duk waƙar da aka sayar, kuma ba za a ba wani situdiyo sautin a fulashi ba sai da saninsa. A rubuta sunansa da garinsa da irin gangar a kan kowane fayil. In ya ce akwai taken da ba a kaɗa wa kowa sai sarki, ko na wani gida ne, a bar masa shi, a naɗi sauran.