Amurka ta sa wa gudu linzami, amma kada ta koma mil 55

Duk lokacin da man fetur ya yi tsada a Amurka, sai wani ya tono tsohuwar maganar nan: a dawo da dokar ƙayyade gudun mota a mil 55 a sa'a. A 2008, da galan ya haura dala huɗu, Sanata John Warner ya nemi ma'aikatar makamashi ta duba ko rage gudu zai taimaka. A 2022 kuma Hukumar Makamashi ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su rage aƙalla kilomita 10 daga iyakar gudun manyan hanyoyinsu. Ni a ganina masu wannan kira suna da gaskiya a kan cutar, maganin ne suka ɗauko wanda ya riga ya lalace.

Dokar ta samo asali ne daga yaƙin Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai. Farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, layukan motoci suka yi ta zagaye gidajen mai. A ranar 2 ga Janairun 1974 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55, wato kilomita 89 a sa'a. Da yake hurumin jihohi ne su tsara gudu a hanyoyinsu, sai gwamnatin tarayya ta biyo ta bayan gida: jihar da ta ƙi bi, a riƙe mata kuɗin gina hanya. Kowa ya bi, a takarda.

Abin da aka yi dokar dominsa, wato tsimin mai, bai taka kara ya karya ba. An sa ran rage sama da kashi 2 cikin ɗari, ƙiyasin da aka fi yarda da shi bai wuce kashi ɗaya ba. Ribar ta ɓullo ta inda ba a nufa ba. A 1973 mutum kusan 54,000 suka mutu a hanyoyin Amurka, a 1974 adadin ya sauko zuwa wajen 45,000. Ba duka ne aikin dokar ba, don mutane sun rage tafiye-tafiye saboda tsadar mai, amma babu mai hankalin da zai ce rage gudun bai ceci rayuka ba.

Dalilin kuwa lissafi ne da ba ya sauraron siyasa. Ƙarfin da mota ke dukan abu da shi ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu, ninkuwa yake yi. Motar da ke kilomita 120 tana ɗauke da ƙarfin duka kusan ninki biyu na wadda ke 90. Nisan da za ta ja kafin birki ya tsayar da ita ma haka. Kuma me direba ya samu? A tafiyar kilomita 100, wanda ya taka 120 zai riga mai tafiya a 100 isa da minti goma kacal. Minti goma, ko shayi bai gama hucewa ba.

To me ya sa ban goyi bayan a dawo da ita ba? Saboda Amurkawa sun riga sun gwada, kuma sun mai da ita abin dariya. A jihar Montana, wanda aka kama yana wuce mil 55 da rana, muddin bai yi ganganci ba, tarar dala 5 ake yanka masa, laifin ma ba a kira shi gudu ba, an kira shi ɓarnatar da makamashi. Mutum zai miƙa wa ɗan sanda kuɗin ta taga a nan take, ya karɓi rasit, ya sake taka totur. Direbobin manyan motoci suka koma sanar da juna ta rediyon cikin mota inda 'yan sanda suka laɓe, na'urar gano radar da 'yan sanda ke auna gudu da ita ta zama kayan kasuwa. Har an taɓa tilasta wa kamfanonin mota su yi wa lamba 55 alama ta musamman a agogon gudu, agogon kuma ya tsaya a 85, kamar ɓoye wa direba lambar zai hana ƙafarsa nauyi. Ba a daɗe ba aka janye wannan.

Matsalar ita ce lamba ɗaya aka ɗora wa ƙasar da hanyoyinta ba iri ɗaya ba ne. Mil 55 ya dace da hanyar da ta ratsa cunkoson New York. A hamadar Nevada kuwa, inda mutum zai yi tafiya mai nisa a miƙaƙƙiyar hanya bai ga ko gida ba, direba yana jin an raina masa hankali. Idan kuma mafi yawan jama'a suka saba karya doka ɗaya kullum ba abin da ya same su, sauran dokokin hanya ma sai kwarjininsu ya zube. Ga wani haɗarin daban: mai bin doka yana rarrafe a 55, na bayansa yana zuwa a 75, tazarar da ke tsakaninsu ita kanta tarko ce. Shi ya sa a 1987 majalisa ta yarda a kai mil 65 a manyan hanyoyin karkara, a 1995 Bill Clinton ya sa hannu aka soke dokar baki ɗaya.

Sai dai abin da ya biyo baya ma ba abin alfahari ba ne. Jihohi suka shiga rige-rigen ɗaga lamba, har Texas ta kai mil 85, kusan kilomita 137, a wani sashe na babbar hanyarta mai lamba 130 a 2012. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta ƙiyasta cewa ɗage-ɗagen iyakar gudu tsakanin 1993 da 2017 sun jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 37,000. A 2021 kaɗai mutum wajen 43,000 suka mutu a hanya, duk da motocin yau suna da jakar iska da birkin zamani da na 1974 ba su da su.

Don haka ni abin da zan ce shi ne, gwamnatin tarayya ta sa rufi, misali mil 70, wanda ba jihar da za ta wuce, sannan ta bar kowace jiha ta sauko ƙasa da haka gwargwadon hanyarta. Lamba ce da direba zai iya bi ba tare da ya ji an ɗaure shi ba, ɗan sanda kuma zai iya kama wanda ya wuce ta ba tare da ya kama rabin gari ba. Manyan motoci kuwa kada a bar su da alƙawarin direba. A Tarayyar Turai na'ura ce ke tsayar da tirela a kilomita 90, lardunan Ontario da Quebec na Kanada sun sa tasu a 105 tun 2009.

Mu ma nan mun san bambancin doka a takarda da doka a kan kwalta. A Najeriya iyakar ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne, kuma tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Amma duk wanda ya zauna gidan gaba a motar haya daga Kano zuwa Kaduna ya ga inda allura take kwanciya, fasinja na cewa "Direba, a yi sannu mana", shi kuma yana cewa yana so ya juyo da wani lodin kafin magariba. Abin da na ga ya ɗan sassauta ƙafar wasunsu shi ne cire tallafin mai a 2023, da suka gano da aljihunsu cewa tankin da aka lallaɓa ya fi kai su nesa.