Manhaja ba ta san inda makaho ya maƙale ba

Tun daga 2019, cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka kan sa wata manhaja ta bi shafin farko na gidajen intanet miliyan ɗaya da aka fi ziyarta, ta duba ko masu larurar gani da sauran masu buƙata ta musamman za su iya amfani da su. Kowace shekara sama da kashi 90 cikin 100 ne ke faɗuwa. Babban laifin kuma ƙarami ne a gyara: rubutu toka-toka a kan fari, wanda dattijo zai yi ta kanne ido bai karanta ba. Sai hotunan da ba a rubuta musu bayani ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi, WCAG, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ce ta fitar tun 1999, aka sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023. Tarayyar Turai ta mai da shi doka ga shafukan hukumomin gwamnati a 2016, ta kuma wajabta wa ƙasashenta su riƙa dubawa suna kawo rahoto duk shekara uku. Wannan tsari ya burge ni, domin dokar da babu mai bibiyarta takarda ce kawai.

Sai dai ina da ja a kan yadda ake dogara da manhaja. Manhaja za ta ga cewa hoto yana da bayani, amma ba za ta gane cewa bayanin "hoto123" ne ba. Makahon da ke sauraron wayarsa da TalkBack, ko kwamfutarsa da NVDA, wato manhajojin da ke karanta rubutun allo da murya, shi zai ji an karanto masa wannan shirme. Manhajar dubawa ba za ta san cewa lambar sirrin da aka turo wa tsohuwa ta mutu kafin ta lalubo tabaranta ba. Haka nan jarrabawar nan ta "zaɓi hotunan da ke da mota", wadda ke tsayar da makaho cak a bakin ƙofa. Shafi zai iya cin maki mai kyau alhali mutum ya kasa biyan kuɗin wuta a kansa.

Akwai ma masu sayar da maganin ƙarya. A 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan 1 kan iƙirarin cewa manhajarsa za ta gyara kowane shafi da kanta.

A Najeriya, an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, aka kafa musu hukuma a 2020. Hankali ya fi tafiya ga matakala da ƙofofin gine-gine, kuma hakan daidai ne. To amma rajistar jarrabawa, neman aiki, fasfo, banki, duk sun koma waya. Wanda shafin ya gagara, dole ya miƙa wa yaron shagon intanet lambar sirrinsa.

Shawarata ga hukumar masu nakasa: ta zaɓi shafukan gwamnati goma da jama'a suka fi buƙata, ta bi su da manhaja, sannan ta ɗauki makafi da kurame da dattawa aiki da albashi, a ba kowa waya mai araha ya cike fom daga farko har ƙarshe. A rubuta inda kowa ya tsaya, a wallafa da sunan ma'aikatar, a sake gwajin baɗi.