Ranar da Na Mayar da Madafin Wata Baiwar Allah Gidan Tarihi

Ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu ne ya raba ni da Kumasi ya kai ni Cape Coast, garin da Fantawa ke kira Oguaa, kuma da na tsaya a kan abin da ya kai ni, wato shafa fatiha da cin shinkafa a zangon Kotokuraba, da na koma gida da mutuncina da hulata. Sai dai tun saukarmu daga mota ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 11 wanda tambaya ba ta ƙare masa, ya hango wani farin gini a kan tudu da hasumiya a tsakiyarsa, ya ce, “Kawu, wancan masallacin wa ya gina shi?” Ni kuwa shekara 20 ke nan ina koyar da tarihi, kuma malami bai iya jin irin wannan tambaya ya yi shiru ba.

Na gyara murya na shaida masa cewa ba masallaci ba ne, sunansa Fort William. A 1820 gwamnan Turawan Ingila, Hope Smith, ya sa aka gina hasumiyar tsaro a kan wannan tudu, domin masu gadi su hango rundunar Asante tun daga nesa su yi wa babbar ganuwar bakin teku ishara. Tsoron nasu ba na banza ba ne, don a 1824 Asantawa suka kashe gwamna Charles MacCarthy a yaƙin Nsamankow. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, “Ashe don mu mutanen Kumasi aka gina shi, ga shi kuwa mun shigo a motar haya ba wanda ya gan mu.” Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da cewa a shekarun 1830, zamanin gwamna George Maclean, aka sake gina wurin da ƙarfinsa, aka raɗa masa sunan Sarki William na Ingila, aka kuma ɗora fitila a samansa, ya koma mai nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Garin ba shi da tashar da babban jirgi zai raɓa, sai dai ya tsaya can cikin teku, kwale-kwale su yi ta jigilar kaya ta cikin igiyar ruwa, saboda haka matuƙin da ya rasa wannan haske yana iya kwana a kan duwatsu. Da aka mayar da hedikwatar mulki Akara a 1877, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, kasuwar garin ta ja baya, daga bisani fitilar ma ta yi ritaya. Na rufe da cewa a 1979 hukumar UNESCO ta sanya ganuwoyin gaɓar Gana cikin kayan tarihin duniya, kuma a nan karatuna ya tsaya, ko da yake bakina bai tsaya ba.

Yaron ya nace sai ya ga fitilar da idonsa. Muka kama hawan tudu da tsakar rana, ina sanye da babbar rigar biki mai sitati da sabon takalmi wanda tun a tasha yake cizona, har muka isa ina haki kamar wanda kare ya koro. Ba mu tarar da kowa a bakin ƙofa ba, sai tsofaffin igwa sun juya baki suna kallon gari, da wata igiya da aka shanya zannuwa a kai, wadda ya kamata ta ankarar da mai hankali.

Wata ƙofa na gani a buɗe, na kutsa kai ba ko sallama, tun da ba a yi wa gidan tarihi sallama. A ciki akwai turmi da taɓarya, da murhun gawayi, da tukunya a kai, da wata fitilar ƙwai rataye a ƙusa, gilashinta ya yi baƙi da hayaƙi. Na nuna turmin na ce a cikinsa sojojin Maclean suke daka albarushi. Na nuna wasu ƙulle-ƙulle da aka naɗe da busasshen ganyen ayaba na ce haka ake adana harsashi don kada laima ta taɓa shi, alhali ni da na girma a Gana na fi kowa sanin kamannin dokunun Fante, wato tuwon masarar da ake dafawa a naɗe cikin ganye. Sannan na miƙa hannu na sauko da fitilar, na ɗaga ta sama da girmamawa, na ce, “Ka ga wannan? Jirage nawa ta tsirar, Allah kaɗai Ya sani.”

Yaron ya ja hannun rigata ya ce a hankali, “Kawu, tukunyar Gwamna tana tafasa.”

Kafin in samo amsa, sai ga wata mata a bakin ƙofa da bokitin ruwa a ka da goyo a baya, tana duban wani ƙato cikin babbar riga riƙe da fitilarta a tsakiyar madafinta. Da Fante ta yi magana, kuma abin takaici Tuwi, yaren Asantawa, da na iya ya ishe ni in fahimci kowace kalma. Ta ce tun da fitilar sama ta daina aiki aka ba ma'aikatan da ke kula da tsofaffin gine-gine ɗakunan su zauna, maigidanta yana cikinsu, baƙi kuma matakala suke bi su hau sama, ba a taɓa yin wanda ya shigo duba mata miya ba. Fitilar kuwa, bara ta saye ta a kasuwar Kotokuraba saboda ɗaukewar wuta. Na ce, “Maame, ki yi haƙuri,” na nemi mayar da ita kan ƙusa, hannuna na rawa, sai da na yi sau uku kafin ta rataye. Matar kirki ce, don da dariya ta ci ƙarfinta har dokunu ɗaya ta ba yaron, ta ce ya tafi da harsashinsa.

Ita ce ta nuna mana matakalar. Daga sama na gane dalilin da ya sa aka zaɓi tudun, domin ga ganuwar bakin teku fara fat a ƙasa, ga kwale-kwalen masunta da tutocinsu a jere a kan yashi, ga wata tsohuwar hasumiyar tsaron, Fort Victoria, a kan wani tudun tana fuskantarmu. Na buɗe baki zan farfaɗo da darajata da wani sabon bayani, sai iskar teku ta shige cikin rigata ta kumbura ta kamar filafilan jirgi, na riƙe bango da hannu biyu, hulata kuma ta tashi ta nufi rufin gidajen mutane, ba ta ko waiwayo ba.

Na roƙi yaron a hanya cewa abin da ya faru a kan tudu ya tsaya a kan tudu, ya kuma yi mini alkawari. Da daddare muna zaune a ƙofar gidan biki aka ɗauke wuta, wuri ya yi tsit, sai na ji muryar uban ango daga cikin duhu yana cewa, “Malam, a taimaka a hau tudu a aro mana fitilar Gwamna.”