Wa ya zaɓa, wa aka tilasta wa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana har mun daina jin nauyinta. Idan mu ne muka yi laifi, sai ka ji mun ce ƙaddara ce, haka Allah ya rubuta. Idan kuwa wani ne ya faɗa cikin tasku, sai mu ce ai shi ya ga zai iya, ba wanda ya ɗora masa wuƙa a wuya.

Zancen ko bawa yana da zaɓi tsohon zance ne. Jahmu ɗan Safwan da mabiyansa Jabariyya sun ce mutum ba shi da katabus, tilasta shi ake yi. Ma'abadul Juhani a Basra ya kafe a ɗaya gefen, ya kore ƙaddara. Ahlus Sunna suka tsaya a kan ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Takwir: kana da nufi, amma nufinka yana ƙarƙashin nufin Allah. Shi ya sa da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne Shari'a tana auna yawan zaɓin. An ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Ammar ɗan Yasir ya furta kalmar kafirci a hannun masu azabtar da shi, aya ta 106 a Suratun Nahli ta wanke wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na cike da imani. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya sha bulala a Madina saboda ya tsaya a kan cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba.

Masana na wannan zamani ma sun yi ta kai kawo a kan yadda za a auna 'yancin zaɓi. A 1990 wasu masana tattalin arziki biyu, Pattanaik da Xu, suka nuna yadda wasu sharuɗɗa masu sauƙi ke kai mutum ga cewa a ƙirga kawai: mai hanya uku ya fi mai hanya biyu 'yanci. Amartya Sen, ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, wanda kuma ya ga yunwar Bengal ta 1943 yana yaro, bai gamsu ba. A ganinsa wanda aka ba munanan abubuwa uku ya zaɓa bai yi daidai da wanda aka ba kyawawa uku ba. Misalin da yake yawan kawowa, mu Musulmi mun fi kowa gane shi: mai azumi da mai fama da yunwa duk cikinsu babu komai, amma ɗaya yana da abinci ya bari, ɗayan bai samu ba. To ni dai a nan ina tare da shi.

Je ka Tudun Hatsi a nan Gombe lokacin kaka. Ga dattijo ya taso daga wajen Kumo da buhunan masara. Da damina ya karɓi taki bashi, mai takin yana can yana jira, kuɗin makarantar yara ya zo, uwargida ba lafiya. Mai saye ya soka hannu a buhu, ya murza, ya dubi fuskar dattijon, ya karanta duk abin da ke ciki. Sai ya karya farashi, ya ƙara da cewa, "Baba, in bai yi maka ba ka mayar gida, ba dole." Ya san sarai kuɗin motar mayar da kayan ma babu. Aka sha hannu, aka ce Allah ya sa albarka. In ƙirga ake yi, dattijon yana da hanya biyu, ya sayar ko ya fasa. Suratun Nisa'i aya ta 29 kuwa ta ce ciniki ya kasance bisa yardar juna. Ba ina cewa cinikin ya ɓaci ba, fatawa ta malamai ce. Tambayata ga mai sayen ce: ranar da za a tambaye ka, wannan za ka kira yarda?

Haka a gidajenmu. A kira yarinya gaban mahaifinta da kawunnanta, a ce ga wanda muka ba ki, kin amince? Ta sunkuyar da kai, gefen mayafi a baki. Sai a ce shirunta yardarta. Gaskiya ne hadisi ya zo da haka game da budurwa, amma shirun kunya daban, shirun tsoro daban, kuma uwar da ta haife ta ta san wanne ne. Khansa'u 'yar Khizam bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW), ya warware auren. Yana cikin Bukhari.

Batun 'yan siyasa da taliya da atamfa ranar zaɓe kuwa, kowa ya sani, ba sai na tsawaita ba.

Yanzu mu juyo kanmu. Kai da kake karanta wannan a waya, da data, ka ci ka ƙoshi, wa ya tilasta maka tura hoton nan da ba ka tabbatar ba? Wa ya hana ka tashi sallar asuba? Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma wannan aya rahama ce ga wanda aka matsa wa, hujja ce a kan wanda aka yalwata wa. Mai albashi da ya riƙe kuɗin mai aikinsa wata biyu don ya san ba ta da inda za ta je, ba shi da uzurin Ammar.

In kana bin wani bashi kuma ka san yana cikin ƙunci, aya ta 280 a Baƙara ta ce ka jira shi har ya samu sauƙi, in ka yafe ya fi maka alheri. In kuma kai ne mai sayen hatsin, ka faɗa wa dattijon farashin da kasuwa take a ranar kafin ka taya.