Naman layya da yadda muke yi wa juna

Duk shekara, da zarar Sallar Layya ta ƙarato, sai tsohuwar gardama ta farka a tsakaninmu mu Kiristocin Maraɗi: a ci naman da maƙwabta suka aiko, ko kada a ci? Bana ma an fara, a WhatsApp da kuma ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Ni naman bai dame ni ba kamar irin maganganun da muke jifar juna da su a kansa.

Kowa ya san yadda abin yake a garin nan. Ran Sallah a feɗe raguna, a baje su a kan sanduna, a jera kewaye da wuta, hayaƙi ya turnuƙe daga unguwar Bagalam har unguwar Zariya. Washegari yara su bazu gida-gida da kwanoni an rufe da faifai. Yaro ya yi sallama ya durƙusa, ya ce, "Wai in ji Baba, ga wannan a taɓa." Daga nan ne muke rabuwa gida biyu.

Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu da ba ya ci, ba ya kuma yarda a shiga masa gida da shi. Matasa suna ce masa mai tsattsauran ra'ayi. Amma nawa ne a cikinsu suka taɓa zama kusa da shi suka ce, "Baba, yaya aka yi?" Mutumin nan yana saurayi ya karɓi baftisma, zamanin da Turawan mishan ke Tsibiri. Mahaifinsa ya kore shi, gonar gado ta kuɓuce masa, yarinyar da aka yi masa baiko aka ba wani. Shekara da shekaru in danginsa sun aiko nama, da saƙo suke haɗowa: har yanzu ba ka dawo ba? A wurinsa cin tsokar nan amsa ce ga wannan tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa.

Shi kuwa matashin da ke ci, a cikin ikilisiya aka haife shi. Benci ɗaya suka zauna a lakwal da ɗan maƙwabcin, tare suka koyi tuƙa kabu-kabu, ranar da uwarsa ta kwanta asibiti matar maƙwabcin ce ta riƙa kai kunu. In ka ce masa ya sayar da bangaskiyarsa saboda tsoka, ka zalunce shi. Zumunci ya gani a kwanon, shi ya karɓa.

Dukansu biyu suna da ayar da za su buɗe. Wannan ya kawo 1 Korantiyawa 10 a Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ya ce in marar bi ya gayyace ka, ka ci abin da aka ajiye maka ba tare da bincike ba. Wancan ya ce a ƙara gaba kaɗan, ai ya ce in an gaya maka na hadaya ne ka bari. Abin da ke ba ni mamaki, ba mai son buɗe Romawa 14. A can ne aka ce mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci. Bulus fa yana da nasa ra'ayin, ya faɗa ƙarara cewa ba abincin da ke da ƙazanta a kan kansa. Duk da haka bai ɗauki ra'ayin nan ya doki kowa da shi ba.

Shi kansa Bulus ɗin tara yake, bai cika goma ba. A Ayyukan Manzanni 15 sun yi saɓani mai zafi da abokin aikinsa Barnaba a kan Yahaya Markus, wanda ya taɓa barin su a Bamfiliya ya koma gida. Bulus yana duban aiki: wanda ya gudu sau ɗaya, ya za a sake dogara da shi? Barnaba yana duban yaro, ga shi kuma ɗan'uwansa ne na jini. Suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus, Bulus ya tafi da Sila. Ku lura, wanda ya rubuta labarin bai ce wane ne mai gaskiya ba. Sai can a 2 Timoti 4 muka ji Bulus, yana kurkuku, yana cewa a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Da Barnaba bai riƙe yaron ba, wa za a kawo? Mu a nan, in mutum ya yi tuntuɓe sau ɗaya, har jikokinsa sai sun ji labari.

Sai mutum na uku, wanda muke mantawa da shi: mai aiko naman. Ba na raina tsoron da ke zukatan wasu. Mun ga majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, mun ga wadda aka cinna wa wuta a unguwar Zariya a nan Maraɗi a Yunin 2019. Amma Alhajin da ya ware maka cinya daga ragon da ya yi watanni yana tara wa kuɗi, ba shi ya kunna wutar ba. Ya tuna da kai ne. In ka mai da yaronsa da kwano yadda ya zo, ba zai karanta tauhidinka a ciki ba, abin da zai ji kawai an ce ba a son sa. Tun shekarun 1950 asibitin mishan na Danja ke wanke gyambon kutare, ba a tambayar majinyaci addininsa kafin a taɓa shi. Ƴaƴan wannan gado ne za su kasa cewa "mun gode" a ƙofar gida?

Ni dai ina ci, ba na kuma ɓoyewa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gai da Alhaji, ya miƙa wa mabukaci. Ba wanda ya ce dole ya kai bakinsa. Wanda ke ci kuma ya daina ɗora hoton soye a Facebook yana habaici, kada kuma ya zuba wa Baba a miya a ɓoye wai don ya gwada shi, an taɓa yin haka kuma abin kunya ne. Fastocinmu, don Allah a bar yi wa mutane shaguɓe daga kan bagadi.

In Kirsimeti ya zo, a tuna gidajen da kwanoninsu suka shigo. A kira maƙwabci Musulmi ya yanka kajin, kamar yadda iyayenmu mata suka saba yi, don in an kai shinkafar su ci hankali kwance.