Ingila ma ta kira maƙwabtanta jahilai, ku ji labarin Wales

Masu cewa sai a Afirka Bature ya raina harshen mutane, ku zo ku ji yadda Ingila ta yi da Wales, tsibiri ɗaya suke fa, sarauniya ɗaya.

Lokacin da Victoria ta hau mulki a 1837 Wales ba zaman lafiya. Ma'aikatan ƙarfe da kwal na kudu suna shan baƙar wuya kuma ko ƙuri'a ba su da ita, a Nuwamban 1839 dubbansu suka bi John Frost zuwa Newport, sojoji suka buɗe musu wuta a otal ɗin Westgate aka kashe kimanin 20. A yamma kuma manoma sun gaji da shingayen karɓar kuɗin hanya, sai maza su sa kayan mata su shafa baƙi a fuska, su kira kansu 'ya'yan Rebecca, da dare su farfasa shingen, haka aka yi ta yi har 1843.

To da majalisar Landan ta tashi neman dalili, maimakon ta tsaya a kan yunwa da kuɗin haya da ushirin da ake tatsa ana ba cocin Ingila wanda yawancinsu ko shiga ba sa yi, sai aka ce ai jahilci ne. Kuma ɗan Wales ne ma ya kawo ƙudurin a binciki ilimi a Wales a 1846, ɗan majalisa William Williams. Aka turo masu bincike Lingen da Symons da Johnson, ukun nan babu mai jin yaren Welsh, duk 'yan cocin Ingila, suka yi ta ɗaukar shaida a bakin limaman wannan cocin dai. Rahoton ya fito 1847 da shuɗin bango, ya ce yaren nan shi ne ya hana Wales ci gaba, mutanen ƙazamai ne malalata, matansu kuma ba kamun kai. Har yau 'yan Wales cin amana suke ce masa.

Ni fa ban ce duk ƙarya ne ba. Makarantun boko na lokacin sun lalace da gaske, malamai ba horo, aji ba benci. Amma ma'aunin ne matsalar, ka yi wa yaro tambaya da Turancin da ba ya ji ka rubuta daƙiƙi, alhali ranar Lahadi shi da ubansa da kakarsa suna ɗakin ibada suna karanta Baibul da yarensu, wanda aka fassara tun 1588. Duk wanda ya taɓa ganin an rubuta wa mai karanta ajami "bai yi karatu ba" a fom ya san wannan zafin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne su kansu sun haɗiye maganar. Sun fusata sosai kam, wani mai wa'azi Evan Jones har mujallar mata ya kafa a 1850, Y Gymraes, amma yawancin martanin na wanke tarbiyya ne, mu masu ibada ne, matanmu kamilai ne. Batun a koyar da yara da yarensu bai samu irin wannan zafin ba. Iyaye da kansu Turanci suke so saboda nan abinci yake, kuma katakon nan Welsh Not da ake rataya wa yaron da ya yi yaren gida, wanda ya tashi da shi a wuya ya sha bulala, ba dokar gwamnati ba ce, malamai ne suka ƙirƙiro, irin tarar banakula ɗin nan ta makarantunmu.

A ƙidayar 1901 kusan rabin mutanen Wales ne kawai suka rage masu jin Welsh.